Ba Kada Ya Kore Ni Daga Ruwa Ba

Tun kuna ƙanana kuke jin labarin nan, yanzu na ga har jikokina sun haddace shi. Wai ni ubanku na daina kamun kifi ne saboda wata rana kada ya leƙo daga kogin Kaduna ya yi hamma, na zubar da fatsa, na ranta a na kare, na bar takalmi ɗaya a bakin ruwa. Wani lokaci takalmin na dama ne, wani lokaci na hagu, akwai Sallar da ya koma wando. Kawunku Ilu, yayan mahaifiyarku, Allah ya jiƙansa, shi ya ƙera labarin, shi ya yi ta yi masa ado har ya koma ga Mahaliccinsa. Ni kuwa ina gefen tabarma kuna ta ƙyaƙyata, ban taɓa cewa uffan ba. To jiya 'yar autar Sani ta zo ta tambaye ni, da gaskenta, ko kadan ya cinye takalmin ne ko ya ajiye. Na ce a'a, abin ya isa haka. Ku zauna ku ji yadda aka yi. Babu kada a zancen nan ko ɗan tsako. Abin da ya raba ni da ruwa ƙafa biyu gare shi, kuma sunansa na yanka Iliyasu.

A lokacin muna Makera, ina ƙira a rumfar da babana ya bari. Ƙasa kaɗan da gadar jirgin ƙasa akwai wani dakalin siminti da Turawa suka yi don injin jan ruwa, daga baya suka kwashe injin suka bar dakalin. Ya miƙe ya shiga cikin kogi daidai inda ruwa yake da zurfi yana juyawa, inda manyan kifi ke kwanciya. Duk tsawon gaɓar nan babu wuri irinsa, kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum bakwai. Kowa da gurbinsa, kowa da turken ƙarfen da yake ɗaure ƙarshen igiyarsa. Gurbin nan ba a sayensa, ba a aronsa, gadonsa ake yi. Turakun duka babana ne ya ƙera su, nasa shi ne na biyu daga baki, wato can gefen zurfin ruwa, kusa da na Baba Ndagi, wani tsohon Banufe wanda shi ne babban wurin. Da babana ya rasu na gaji turkensa. Miyar gidanmu ta san amfanin gurbin nan, ba na musu, amma ba miya ce ke kai ni ba. In na yi la'asar na wanke baƙin gawayi na zauna na dafa turken nan da hannun babana ya goge har ya yi santsi, sai in ji kamar bai yi nisa ba.

Wurin yana da dokoki, ba kuwa a rubuce ba, a jikin mutum ake koya masa. Ba a tsallake igiyar wani, zagayawa ake yi ta bayansa. Ba a tambayar mutum ko ya samu, idonka ya gaya maka. Ba a tsayawa inuwa ta faɗa wa ruwan maƙwabci. Ba a jefa ƙugiya ta haye ta wani. Baƙo yana zama can ƙarshe wajen gaɓa, kifinsa na farko kuma na babba ne. Sai babbar dokar da ta fi duka: in babban kifi ya kama wa mutum, kowa ya janye igiyarsa daga ruwa ya harɗe hannu. Ko za ka ga kifin na neman jan mutumin cikin kogi, ba ka taɓa igiyarsa sai in shi da bakinsa ya ce a kama masa. In ya ce, babu kunya, ƙato ma yana faɗa. In ka taɓa bai ce ba, kifin ya zama naka, kuma ka sanar da jama'a ke nan cewa mutumin nan ƙarfinsa ya ƙare. Akwai kuma wadda ta ci ni: duk wanda ya kawo baƙo, laifin baƙon a wuyansa yake.

Shekarar da aka fara ginin masaƙa a Kakuri, Yaya Ilu ya dawo daga Ikko. Ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa, ya dawo da akwatin ƙarfe, da hular sarauniya mai baki irin ta Turawa, da wata doguwar sandar kamun kifi mai ƙwarƙwaro a gindi, da bakin da ba ya rufuwa. Komai ka ce, a Ikko an fi shi. Ka ba shi tuwo, a Ikko da cokali ake ci. A yi ruwan sama, wannan ai yayyafi ne. Ya sauka a ɗakin zaurenmu kafin ya samu aiki, kwana kaɗan ya gano inda nake zuwa da yamma. Bai tambaye ni ba, ya bi ta wajen ƙanwarsa.

Uwarku Ladi tana da cikin Sani a lokacin. Ta same ni ina ɗaura ƙugiya.

Ta ce, "Malam, Yaya ya ce a tafi da shi bakin ruwa. Zaman zauren ya ishe shi."

Na ce, "Ladi, wurin nan ba kasuwa ba ne. Akwai dokoki."

Ta ce, "To sai a koya masa. Mutumin da ya kama kifi a teku, kogi ne zai gagare shi?"

A koya masa! Ku da kuka tashi a zamanin da yaro ke kiran surukinsa a waya yana dariya ba za ku gane ba. Yayan matarka suruki ne. Wannan kuwa ya wuce yaya, domin iyayensu sun rasu Ladi tana rarrafe, shi ya goye ta, shi ya ba ni ita. Ko ido ba na haɗawa da shi, balle in ce masa yi kaza, bar kaza. Sai dai in zagaya, in ɗora maganar a kan wani mutum da ba a san shi ba, in yi fatan mai hankali ya tsinci tasa a ciki. Haka na yi a hanya ranar farko.

Na ce, "Yaya, an ce akwai wani mutum a Zungeru da ya tsallake igiyar wani, sai da aka yi wata guda ba a gaisa da shi ba."

Ya ce, "Mutanen Zungeru ai ba su waye ba. A jeti, gadar katakon nan da ta shiga teku ta tsaya, mu fi ɗari muke jeruwa, kafaɗa da kafaɗa. Ka tsallake, a tsallake ka, kowa ɗan'uwan kowa ne."

Na ce, "An ce kuma mutumin ya taɓa igiyar wani ba a kira shi ba."

Ya ce, "Wannan ya yi daidai, ɗan halas ne. A jeti wanda ya tsaya kallo maƙwabcinsa na fama, ba mutum ba ne."

Da na san abin da ke tafe, da a nan na ce cikina ya murɗa mu koma gida. Muka isa, na gabatar da shi, Baba Ndagi ya dube shi daga hula har takalmi ya nuna masa ƙarshen dakali. Kafin ya kai can ya tsallake igiya uku. Ya tsaya kan Bulus, wani mutumin Kagoro da ke aiki a loko, gidan gyaran jiragen ƙasa, wanda gurbinsa ke bin nawa, inuwarsa ta rufe ruwan bawan Allah ruf, ya ce, "Maigida, an samu kuwa?" Bulus ya ɗago ya dube ni, ba shi ba. Sannan Yaya Ilu ya warware sandar nan, ya kaɗa ta ta baya har dalmar ta kusa cire wa wani kunne, ya kurma ihu "Oya!" ya wurga. Zaren ya haye igiyoyin mutum huɗu ya faɗa tsakiyar kogi. Muka ɓata yammacin muna warware ƙulli, shi kuwa yana ba mu labarin wani kifi mai takobi a hanci. Da ya gaji ya juya ya tambayi jama'a ƙarfe nawa ruwa ke cika a nan, don a Ikko sai ruwa ya fara cikowa kifi ke ci.

Bulus ya ce, "Sai damina, Malam."

Ba zan ci haƙƙinsa ba, Yaya Ilu ya iya wasu abubuwa. Ya koya mana wani ƙullin ƙugiya da ba ya zamewa, har yau da shi nake ɗaure kaya. Ya nuna mana cewa in ka soke ƙaramar karfasa ta gadon baya maimakon ta baki, ta fi daɗewa da rai tana wutsil-wutsil, babban kifi ya fi ganinta. Kuma hannunsa a sake yake, goronsa na kowa ne. Shi ya sa aka yi ta haƙuri da shi. Amma kullum sai ya yi sabo. Kifinsa na farko, wani ƙurungu ɗan mitsitsi, maimakon ya miƙa wa Baba Ndagi, sai ya ɗaga shi ya ce a Ikko wannan da shi ake kama kifi, ya mayar da shi ruwa. Ni na faki ido na ɗauki tarwaɗata na ajiye gaban tsohon na ce in ji Yaya. Kowace yamma sai na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, kowane dare in koma gida in ƙirƙiro sabon mutumin Zungeru. Mutanen Zungeru sun sha zagi a bakin Yaya Ilu a kakar nan ba su ji ba ba su gani ba.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya fara ja baya, rana ta yi sanyi. Sai ku san cewa a shekarar hannun Baba Ndagi ya fara rawa. In zai sa tana a ƙugiya sai ya juya mana baya. Samarin dakali sun fara gunaguni cewa lokaci ya yi da zai bar gurbin baki, kuma ya san suna yi. Muna zaune shiru sai igiyarsa ta miƙe ta yi ƙara. Kowa ya gane giwan ruwa ne, kuma ba ƙarami ba. Muka janye namu. Har Yaya Ilu ya naɗe zarensa, na yi hamdala a zuci na ce ashe Zungeru ta yi rana. Tsohon ya miƙe ya kafa ƙafa, in kifin ya ja ya sakar masa, in ya lafa ya tattaro. Igiyar ta yanka masa tafin hannu, jini na bin ta. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma wallahi yana cin nasara, ni da ke kusa da shi na ga cikin kifin fari fat ya fara juyowa sama. Bakinsa a rufe gam. Dukanmu mun san me yake yi, yana nuna wa yaran nan ne cewa da sauransa.

Sai na ji iskar mutum ta wuce ni. Yaya Ilu ne, ya yar da hula, ya tsallake ni, ya cafke igiyar a gaban hannun tsohon.

Yana cewa, "Saki, Baba, saki! Ku kuma wane irin mutane ne, tsoho na zubar da jini kuna kallo?"

Ja uku ya yi, ya durƙusa ya cusa hannu a kunnen kifin ya fizgo shi kan siminti. Tsawonsa ya kai yaro ɗan shekara goma. Dakalin ya yi tsit, ba ka jin komai sai wutsiyar kifin na marin ƙasa. Yaya Ilu yana haki yana murmushi, ya ce, "Baba, ga kifinka."

Baba Ndagi ya buɗe hannuwansa ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Kifinka dai. Hannunka ya fito da shi." Ya sa takalmansa, ya juyo gare ni. "Audu, gobe ka zo da guduma ka cire mini turkena."

Ya tafi bai waiwayo ba. Yaya Ilu kuwa ya ɗauka kyauta aka yi masa. Ya yi ta sa wa tsohon albarka, ya ɗora kifin a ka, ya ratsa Makera da shi yara na biye suna ihu. Ladi ta yi farfesu, har maƙwabtan maƙwabta suka samu. Yana zaure yana rabon tsoka yana cewa Nufawa akwai karamci. Ya miƙo mini kai, na ce cikina ba daɗi, kuma a ranar ba ƙarya na yi ba.

Da safe Bulus ya zo rumfa a kan kekensa. Bai ko zauna ba.

Ya ce, "Audu, mutane sun yi magana. Ka san doka. Ko dai ka kawo baƙonka ya durƙusa gaban Baba, ka faɗa da bakinka a gabansa cewa ka kawo mutumin da ba a koya wa zama da mutane ba, a karya sandar nan, shi ke nan ka ci gaba da zamanka. Ko kuma ka cire turke biyu."

Na ce, "Bulus, yayan matata ne."

Ya ce, "Na sani. Mu ma haka yake a wajenmu. Ni dai aiko ni aka yi."

Na kashe wuta na shiga gida. Ladi tana daka, ga ciki ya tsufa. Na gaya mata komai, har abin da ban gaya wa Bulus ba, wato raina ya ɓaci da yayanta ɓacin da in na buɗe baki ban san inda zan tsaya ba. Ta saurara ba ta daina daka ba. Ba ta roƙe ni ba, da ma ta roƙa da na samu abin yin faɗa.

Ta ce, "Turken na Baba ne, ba ni da bakin magana. Ni dai na san ranar da aka rufe innarmu, mutumin nan ya ɗaura ni a baya da rawanin babanmu, ya taka da ƙafa har Zariya. Ka yi abin da ka ga ya dace, Malam."

Ta ci gaba da dakanta, hawaye na sauka cikin turmi. To ku gaya mini, da wane bakin zan tsayar da mai goyon nan gaban samari in ce ba shi da tarbiyya? Na ɗauki guduma da kurfin sarar ƙarfe na nufi kogi da rana tsaka, lokacin da babu kowa. Na Baba Ndagi bai ba ni wuya ba. Na babana kuwa sai da na yi gumi, don tsohon nan in ya kafa abu ya kafa ke nan. Ina dukan simintin ina zagin Ikko da jetinta da tekunta, ina kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa muku. Na kai wa Baba Ndagi nasa, ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka. Kafin azumi ya tattara ya koma garinsu wajen Bida, ban sake ganinsa ba.

Da Yaya Ilu ya tambayi dalilin da ba ma zuwa ruwa, na ce ciwon baya. Ya ce a Ikko akwai maganinsa. Na gwada wasu wurare a gaɓa sau biyu ko uku, sai laka da sauro da ƙananan karfasa, na naɗe igiyata na rataye. Shekara da shekaru in zan haye gada sai in kawar da kai, don kada in ga wanda ke zaune a gurbin babana. Yaya Ilu kuwa ya samu aikinsa a masaƙa, ya yi aure, ya yi gida a Tudun Wada. Sai wata Sallah, Sani na ɗan shekara shida, ya ga ƙugiyoyi a rataye ya tambayi me ya sa Baba ba ya zuwa kogi. Kafin in buɗe baki kawunku ya gyara zama ya ce, "Ai kada ne." Na dubi uwarku, ta sunkuyar da kai. Daga ranar na zama mai gudun kada, a gidana, a kan tabarmata, a bakin mutumin da na saya wa mutunci da gadon ubana.

Cikin ciwonsa na ajali ya aika a kira ni. Mun tsufa mu duka, amma har ranar a bakin ƙofa na tsuguna. Ya ce in matso. Ya sallami kowa.

Ya ce, "Audu, Bulus ya gaya mini tun a makon da abin ya faru. Na tafi dakalin da niyyar in durƙusa, na tarar da rami biyu a siminti. Ka riga ni."

Shekaru fiye da arba'in ina kaffa-kaffa kada ya sani, ashe ya fi ni sani.

Na ce, "To, Yaya, kadan fa?"

Ya ce, "Yaro ya yi tambaya a gabanka, me zan ce? In ce kawunku ne ya yi hauka? Kunya ta kama ni, sai kada ya fito. Da na ga sun yi dariya kuma, na kasa dainawa."

Na ce, "Ai na ba ka ciwon baya. Me ya hana ka riƙe shi? Kuma har da wando, Yaya?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗago kansa na ba shi ruwa. Da ya lafa ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa turken. Na ce turken na yafe tun ranar da na cire shi, wandon ne dai sai na yi shawara. Kwana biyu tsakani aka yi masa sutura, ni na shiga kabarin na karɓe shi.

Turken ƙarfen nan na tsakar gida da kuke ɗaure ragon layya, wanda Sani ya so ya tumɓuke bara wai yana sa yara tuntuɓe, shi ne na kakanku. Kada wanda ya taɓa shi ko bayan raina. Ku yi wa kawunku addu'a, mutumin kirki ne, kunnensa ne kawai ya bari a Ikko. Amma ku gaya wa yaranku cewa kakansu bai taɓa gudun kada ba. Da ƙafata na bar kogin nan, a hankali, guduma a kafaɗa, kuma da takalmana na dawo gida, duka biyun.